Yadda Na Karanci Tarihin Baskawa a Jami'ar Boise, Na Kuma Yi Hidima a Bikinsu na Jaialdi

Karatun nazarin muhalli ne ya kai ni birnin Boise, hedikwatar jihar Idaho da ke arewa maso yammacin Amurka. Tsarin Jami'ar Boise State ya ba ɗalibi damar ɗaukar wasu darussa daga wajen fanninsa, kuma da malamar da ke ba ni shawara ta ga cewa hankalina ya fi karkata ga filayen kiwo, sai ta ce mini ba zan fahimci tsaunukan Idaho yadda ya kamata ba muddin ban san makiyayan da suka shafe kusan shekara ɗari suna hawa da sauka a cikinsu da garken tumaki ba. Waɗannan makiyaya su ne Baskawa, mutanen da ƙasarsu ta asali take a gaɓar teku, ɓangare ɗaya a arewacin Sifaniya, ɗayan kuma a kudu maso yammacin Faransa. Na yi rajistar darasin gabatarwa kan al'adunsu, na haɗa da matakin farko na harshensu, wanda suke kira Euskara.

Abin da aka fara koya mana shi ne dalilin da ya fitar da su daga gida. A ƙauyukan Bask, gidan gona ba ya rabuwa tsakanin magada. Iyaye sukan zaɓi ɗa ɗaya ko 'ya ɗaya su damƙa masa gida da gonar baki ɗaya, sauran kuwa kowa ya nemi abin yi: wani ya shiga aikin coci, wani ya bi jirgin ruwa, wani ya tsallaka teku. Da farko Kudancin Amurka suka fi nufa, musamman Ajantina da Yurugwai, sannan labarin zinaren Kalifoniya na 1849 ya jawo wasu zuwa arewa. Waɗanda suka iso Idaho daga wajen ƙarshen ƙarni na 19 galibinsu 'yan lardin Bizkaia ne, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancinsu ba su taɓa kiwon babban garke ba kafin zuwansu. Manoma ne da masunta. Sun karɓi kiwon tumaki ne saboda aiki ne da ba ya buƙatar Turanci, kuma 'yan ƙasa ba sa sonsa. Mutum ɗaya da karnukansa zai riƙe tumaki daga 1,000 zuwa 2,000, ya hau da su tsauni idan ƙanƙara ta narke, ya sauko da su kafin sanyi ya kama, kuma yakan yi kwana da kwanaki bai ga ɗan Adam ba sai mai kawo masa guzuri.

Makonnin da muka yi a kan dokokin kiwo su ne suka fi shiga raina. Masu shanu sun ɗauki makiyayan tumaki a matsayin baƙi masu cinye ciyawar da ba tasu ba, kuma jihar Idaho ta kafa dokar da ta hana shigar da tumaki filin da shanu suka saba kiwo a kansa. Wasu Baskawa sun ƙalubalanci wannan doka har gaban Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ake kira Omaechevarria da Idaho, kuma a 1918 kotun ta ba jihar gaskiya. A 1924 dokar shige da fice ta rage gurbin 'yan Sifaniya zuwa mutum 131 kacal a shekara, sannan dokar kiwo ta Taylor ta 1934 ta kawo ƙarshen makiyayin da ke yawo a filin gwamnati ba tare da mallakar fili nasa ba. Duk wanda ya tashi a arewacin Najeriya yana jin rigimar burtali da gona tsakanin makiyaya da manoma zai gane yanayin wannan labari tun kafin a kai ƙarshensa, kuma wannan sanin ya sa na karanta takardun da natsuwar da ban yi tsammani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da masu garke suka rasa ma'aikata, sai Sanata Pat McCarran na Nevada ya jagoranci dokoki na musamman a farkon shekarun 1950 da suka sake buɗe ƙofa, aka riƙa kawo samari bisa kwantiragin shekara uku.

Darasin harshe kuwa ya ba ni wuya sosai. Euskara ba shi da dangantaka da wani harshe da ake magana da shi a yau, saboda haka Turanci ko ɗan Faransancin da mutum ya sani ba sa taimaka masa a nahawu. Mai aikata aiki yana ɗaukar wata alama a ƙarshensa idan aikin ya faɗa kan wani abu, ba ya ɗaukarta idan bai faɗa ba, kuma ɗan ƙaramin aikatau guda yakan ƙunshi wanda ya yi, da abin da aka yi, da wanda aka yi wa. Ƙidayarsu da ashirin-ashirin take tafiya, ta yadda arba'in ashirin biyu ne, tamanin kuma ashirin huɗu. Kusan rabin 'yan ajinmu jikokin Baskawa ne masu sunayen dangi masu tsawo, waɗanda ba su gaji komai daga harshen ba sai gaisuwa, da sunayen abinci, da "amuma" da suke kiran kakarsu mace da shi. Malamarmu ta bayyana mana cewa abin da muke koyo shi ne daidaitaccen Euskara, wanda hukumar harshen, Euskaltzaindia, ta aza harsashinsa a taron Arantzazu na 1968, alhali tsofaffin Boise karin harshen Bizkaia suke yi, wanda suka taho da shi tun kafin a yi wannan daidaitawa. Wata 'yar ajinmu ta gaya mana cewa idan ta gwada abin da ta koya a gaban kakarta, tsohuwar takan yi murna ƙwarai, amma sai ta gyara mata kusan kowace jimla zuwa yadda ake faɗa a ƙauyensu.

A tsakiyar zango aka tura mu unguwar da ake kira Basque Block, wani ɗan yanki na titin Grove a tsakiyar gari, domin kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kansa. A nan ne gidan tarihin Baskawa yake, wanda aka kafa a 1985. Kusa da shi akwai gidan Cyrus Jacobs-Uberuaga, ginin jan bulo na 1864 wanda ya zama masaukin makiyaya daga 1910 zuwa 1969. Ma'aikaciyar da ta zaga da mu ta nuna mana ɗakunan sama inda samari suke kwana a lokacin sanyi, da dogon teburin cin abinci, ta kuma bayyana cewa irin wannan masauki shi ne gidan waya da banki da asibiti da wurin neman aure ga mutumin da ba shi da kowa a ƙasar. Matan da suka zo aikin girki da wanki a waɗannan gidaje su ne suka zama iyayen iyalan Baskawa na Idaho, kuma a ganina tarihin da aka saba bayarwa, wanda ya fi ɗaukaka makiyayi shi kaɗai a kan tsauni, bai biya su haƙƙinsu ba. A wannan titin dai akwai ginin Anduiza, tsohon masauki mai filin buga ƙwallo da bango a cikinsa wanda har yau ake wasa a ciki, da zauren Euzkaldunak, ƙungiyar Baskawan Boise da aka kafa a 1949, da wata bishiya da aka samo irinta daga shahararriyar bishiyar garin Gernika na ƙasar Bask, garin da jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu, 1937.

Na zaɓi yin aiki a kan zane-zanen da makiyaya suka bari a jikin bishiyoyin aspen, domin shi ne ya haɗa fannina da wannan darasi. Aspen bishiya ce mai farin ɓawo mai santsi da ke tsirowa gungu-gungu kusa da ruwa a kan tsaunuka, daidai inda makiyayi yake kafa zango. Yakan ɗauki wuƙa ko ƙusa ya ja siririn layi a jikin ɓawon, kuma a lokacin da ya yi zanen da ƙyar ake ganinsa. Sai bayan 'yan shekaru, da bishiyar ta warke, layin yake fitowa baƙi ƙirin a kan fari. Wanda ya nutsa wuƙar da yawa zanensa yakan fashe ya lalace, saboda haka gwanaye su ne masu sassauƙan hannu. Masanin tarihi Joxe Mallea-Olaetxe na Jami'ar Nevada da ke Reno ya tattara sama da zane 20,000 irin waɗannan, kuma aikinsa ne ya sa jami'o'i suka ɗauke su a matsayin shaidar tarihi.

Kafin mu fita daji an koya mana ƙa'idojin aikin. Ba a taɓa ɓawon da alli ko da ruwa don a fito da rubutu, ba a kuma ƙara komai a jikin bishiya. Kowace bishiya ana ba ta lamba, a ɗauki matsayinta da na'urar GPS, a auna kaurinta, a rubuta ko tana da rai ko ta mutu, sannan a ɗauki hotuna a zagaye ta yadda kowane hoto zai hau kan na kusa da shi, domin a iya haɗa su a kwamfuta su ba da surar gangar jikin gaba ɗaya. Bayan haka sai a kwafi rubutun harafi bayan harafi kamar yadda yake, ko da kuwa mai rubutun ya yi kuskure, domin kuskuren kansa yana nuna yawan karatun mutumin da karin harshen garinsu. Mun tashi da asuba muka hau tsaunukan da ke arewa da Boise, muka ajiye mota inda hanya ta ƙare, muka ci gaba da ƙafa. Mafi yawan abin da muka tarar suna ne da shekara da sunan gari, kuma sau da yawa mutum ɗaya ya maimaita sunansa a bishiyoyi daban-daban shekara bayan shekara, har a iya bin sawunsa daga wannan kwari zuwa wancan. Akwai zanen gidan gona, da jirgin ruwa, da fuskokin mata, da ƙorafi kan kaɗaici da rashin kirkin maigida, akwai kuma kalaman goyon bayan ƙasar Bask waɗanda a zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya mutum ba zai iya rubuta su a bangon garinsu ya kwana lafiya ba. Aspen ba ta da tsawon rai, kaɗan ne daga cikinsu ke wuce shekara ɗari, kuma gobarar daji da fari suna ƙara gaggauta mutuwarsu. Mun ga da yawa sun faɗi, ɓawon ya ɓare, rabin suna ya tafi.

Sashe na biyu na aikin shi ne neman mutanen da ke bayan sunayen. Gidan tarihin yana da tarin hirarrakin baka da aka naɗa da tsofaffi, da takardun masaukai da hotuna, kuma na shafe yammaci da yawa ina sauraro ina gwada suna da suna. Ta hanyar wata ma'aikaciyar wurin aka haɗa ni da wani dattijo da ya zo kiwo yana saurayi. Sai da aka karanta masa takardar neman izini ya sa hannu kafin na kunna rikoda, kamar yadda ƙa'idar jami'a ta tanada. Na gaishe shi da ɗan Euskaran da na iya, ya amsa da fara'a, sannan muka koma Turanci. Ya ba ni labarin yadda ake gasa burodi a tukunyar ƙarfe da aka binne cikin garwashi, da yadda ake sa baƙar tunkiya ɗaya a cikin kowane ɗari domin a ƙirga garke da ido, da yadda watanninsa na farko suka kasance masa kamar ɗauri. Bai ƙawata komai ba. Ya ce da ya sami aiki a gari bai sake waiwayar tsauni ba, kuma 'ya'yansa ne daga baya suka riƙa matsa masa ya ba su labari.

A cikin wannan bincike ne na fahimci cewa darasin da nake ɗauka jama'ar gari ne suka gina shi. A 1974 wani malamin jami'ar, Pat Bieter, ya kwashi ɗalibai ya kai su garin Oñati na ƙasar Bask su yi shekara guda suna koyon harshe da al'ada, tun Franco yana kan mulki, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe harkokin Baskawa a Boise bayan haka daga wannan tafiya suka fito. Ɗansa Dave Bieter, wanda yake jin Euskara, ya zama magajin garin Boise daga 2004 zuwa 2020. Gidauniyar Pete Cenarrusa, ɗan Baskawan da ya riƙe muƙamin sakataren jihar Idaho daga 1967 zuwa 2003, tana cikin waɗanda suka tsaya har aka kafa shirin nazarin Baskawa a jami'ar, tare da tallafin gwamnatin yankin Bask. A Reno kuwa cibiyar nazarin Baskawa da William Douglass ya fara jagoranta a 1967 ita ce uwa a wannan fage, kuma littattafan da muka fi dogara da su daga can suka fito. Malamanmu da kansu za ka gan su da yamma a zauren ƙungiya suna jera kujeru ko suna waƙa a ƙungiyar mawaƙa.

Saboda haka da aka yi shelar neman 'yan sa-kai domin bikin Jaialdi na 2025, ban yi jinkirin ba da sunana ba. An fara wannan biki a 1987 a harabar tsohon gidan yarin Idaho, aka sake yi a 1990, daga nan ya zama duk bayan shekara biyar, a ƙarshen watan Yuli, daidai da bikin San Inazio, wato Ignatius na Loyola, waliyyin 'yan Katolika, wanda ranarsa take 31 ga Yuli. Annobar korona ta hana na 2020, don haka shekara goma ke nan rabon da a yi shi, kuma ana ganin ɗokin hakan a fuskar kowa. Bikin yakan tara mutane sama da 30,000, kuma 'yan sa-kai ne suke ɗauke da nauyinsa. Na cike fom ta intanet, na zaɓi lokutan da zan iya, na halarci taron bayani. A wurin na sanar da mai rabon aiki cewa ni Musulmi ne, ba zan iya aiki a rumfar giya ko ta naman alade ba, alhali su biyun suna da babban matsayi a abincin bikin. Ba ta nuna wata damuwa ba, nan take ta mayar da ni ƙofar shiga da kuma wurin baje kolin amalanken makiyaya, ta kuma nuna mini inda ake sayar da naman rago.

Kwanakin farko a titin Grove aka yi su, inda aka rufe hanya, makaɗa suka riƙa kaɗa akodiyon da bandiri da sarewar txistu, wadda ake busawa da hannu ɗaya ana kaɗa ƙaramar ganga da ɗayan. A jami'a kuma an yi taron masana a makon, inda aka gabatar da takardu kan hijira da harshe, kuma mutanen da na gani a zauren da safe su ne na sake gani a titi da dare. Daren wasannin ƙarfi ya cika maƙil. 'Yan wasan da suka zo daga ƙasar Bask sun ɗaga duwatsu daga ƙasa zuwa kafaɗa, sun yi tseren sare gungume da gatari suna tsaye a kansa, sun yi tafiya da ƙarfe mai nauyin kusan kilo 50 a kowane hannu. Saboda darasin da na ɗauka na san cewa kowane wasa daga aikin gona ko na fasa dutse ya samo asali, na kuma san cewa Mieltxo Saralegi ya taɓa ɗaga dutse mai kilo 329 a 2001, don haka kallon ya yi mini ma'ana fiye da nuna ƙarfi kawai.

Ƙarshen mako aka koma filin baje koli na Expo Idaho, inda ƙungiyoyin rawa daga Nevada da Kalifoniya da wasu jihohi suka riƙa hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya. Masu masaukin baƙi su ne Oinkari, ƙungiyar da wasu matasan Boise suka kafa a 1960 bayan sun ziyarci ƙasar kakanninsu, wadda ta yi wasa a baje kolin duniya na Seattle a 1962 da na New York a 1964. Aikina a wurin amalanke shi ne in kula da layi in kuma amsa tambayoyi. Amalanken ɗaki ne a kan ƙafafu huɗu, mai rufin baka, da gado a ƙurya, da murhun ƙarfe kusa da ƙofa, da teburin da ake jawowa daga ƙarƙashin gado. Yara suna shiga suna sha'awar ƙanƙantarsa, tsofaffi kuwa sukan tsaya daga waje su nuna wa jikoki inda ake ajiye gari da inda kare yake kwana. Wani ya gyara mini bayanin da nake yi, ya ce amalanke na lokacin sanyi ne da ƙasa mai shimfiɗa, a kan tsauni kuwa tanti ne da doki, kuma daga lokacin na riƙa faɗin haka ga duk wanda ya zo.

Abin da na lura da shi a tsaye a wannan wuri shi ne rawa da abinci da tufafi sun kafu a Boise ta yadda babu fargabar ɓacewarsu, amma harshen yana da rauni. Mafi yawan Euskaran da na ji daga bakin baƙin da suka zo daga Turai ne da kuma tsofaffi, sai ɗaiɗaikun matasa da suka koya a aji ko suka je can suka zauna. Akwai makarantar rainon yara ta Boiseko Ikastola, wadda aka buɗe a 1998, inda ake koya wa ƙanana harshen, amma yaro yana barinta ya shiga firamare ta Turanci. A nan nake ganin nauyin jami'a ya fi yawa, domin biki yana iya sa wa matashi sha'awa cikin mako ɗaya, amma wanda zai zaunar da shi zango bayan zango har ya iya haɗa jimla aji ne da malami.

Bayan bikin na kammala rahotona, na miƙa hotuna da lambobin GPS da kwafin rubuce-rubucen ga malaminmu domin a shigar da su ma'adanar da jami'ar take haɗawa da takwarorinta na Nevada da Kalifoniya, hirar dattijon kuma na ba shi kwafinsa kamar yadda muka yi alkawari. A babin ƙarshe na rahoton na kawo wani abu da muka gani a daji wanda bai shiga tsarin aikinmu ba. Tun daga shekarun 1970, da tattalin arzikin ƙasar Bask ya farfaɗo, samarinsu suka daina zuwa kiwo, kuma waɗanda suke riƙe da tumakin Idaho a yau galibinsu 'yan Peru ne. Su ma suna rubuta sunayensu da na garuruwansu a jikin aspen, wani lokaci a bishiyar da ke maƙwabtaka da ta wani ɗan Bizkaia. Na ba da shawarar a riƙa rubuta nasu da irin kulawar da ake ba na Baskawa, malamin ya amince in ɗauki wannan a matsayin aikina na gaba, na kuma yi rajistar mataki na biyu na Euskara tare da darasin Sifaniyanci, wanda zan buƙata domin hira da su.